Azumin da Na Kira Sunansa

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗawa tsakiyar bazarar Turawa. Jiya da yamma ina zaune bakin taga da carbi a hannu, takwas ta wuce, amma rana na nan tsaye a kan rufin gidajen Edmonton, unguwarmu a London, kamar wadda aka bai wa tsaron wuri. Sai jikata ta leƙo daga kicin ta ce, "Kaka, yau azumi nawa?" Tambaya ce da kowa ke yi a watan nan, babba da yaro. Amma ni sai da carbin ya suɓuce daga hannuna. Na ba ta amsa, sannan na tsaya ina jira in ji ko za ta sake tambaya. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, duk wanda ya yi mini tambayar nan sai na yi wannan jiran.

Labarin ɗana ne na fari. Mu a garinmu, can wajen Gwarzo, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ƙura masa ido. Balle shi da ya ci sunan mahaifin mijina. Babansa yana ce masa Abba, ni kuwa tun da aka haifi ƙanwarsa Rabi nake ce masa Yayansu. In ina son magana da shi sai in fuskanci tukunya in ce, "A gaya wa wancan abincinsa na hucewa," ko da mu biyu ne kawai a ɗakin. Ba ƙi ba ne. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma babu wanda ta fi so kamarsa. Da wannan kunyar na tsallako teku, kamar yadda na tsallako da muciyata da ludayina.

Karatu ne ya kawo mijina, Malam, nan London, mu kuma muka biyo shi daga baya. Ana tsaka da karatun abubuwa suka juya a gida, tallafin da ake aiko masa ya tsaya cak. Ga kunyar komawa hannu rabbana, ga yara sun yi nisa a makaranta. Sai Malam ya shiga wankin bas-bas da daddare, ni kuma na karɓi keken ɗinki a wajen wani Baturke mai kamfanin tufafi, yana kawo mini siket-siket a baƙar leda ina yi musu kalmasa. Council, wato hukumar unguwa, ta ba mu flat a can sama cikin wani dogon bene, wanda lif ɗinsa ya fi lalacewa a ranar da mutum ya yi cefane mai nauyi.

Azumin shekarar da nake faɗa ya zo da zafin da ban taɓa zaton akwai shi a ƙasar nan ba. A gida in rana ta yi zafi akwai inuwar darbejiya, akwai randa, akwai tsakar gida. Nan kuwa an gina ɗakunan ne don su riƙe ɗumi, tagogin ba sa buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu. Bango ya sha rana tun safe, da yamma ya riƙa huro mana ita. Ga tsawon yini. A ce la'asar ta wuce, mutum ya daka, ya dafa, ya share, ya yi wanka, ya zauna, ya tashi, rana ko gezau. Babu ladan, babu mai tashin sahur, sai agogo da wayar da Malam yake yi wa wani abokinsa a masallaci. In aka sha ruwa kuwa, kafin a wanke kwanonin buɗa-baki an fara ɗora na sahur. Leɓena ya tsattsage, zare yana zame mini don yatsuna sun bushe, in na miƙe daga kan keke sai na dafa bango.

Gero babu, tsamiya sai wanda ya dawo daga gida ya tuna da kai. Da garin oats, wani hatsin Turawa, nake dama kunu, in matsa lemun tsami don ya yi ɗan kama da na gaske. Tuwo na niƙaƙƙiyar shinkafar kanti ne, kukar da ta rage mini kuwa ina auna ta da ƙaramin cokali kamar magani. Abin da ya rufa mana asiri shi ne maƙwabciyata ta ƙasa, Hajiya Adiza, mutuniyar Kumasi. Ita ke da injin markaɗe, ni ke da haƙurin surfa wake. Kullum bayan azahar sai ta hawo da roba, mu zauna a ƙasan kicin muna murje ɓawon wake, in an soya ƙosai a raba gida biyu. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Da farko da sunan Yayansu take kirana, ta ce maman wane. Da ta ga ba na amsawa sai ta koma Maman Rabi, amma ba ta daina yi mini tsiya ba.

"Kai mutanen Arewa da wahala," in ji ta. "Ka haifi yaro da kanka, ka ce ba za ka kira shi ba. To wa zai kira shi, ni?"

Ɗanta Awudu, wanda yara suke ce wa Gingimari don girmansa, shi ya ja Yayansu cikin ƙwallon Amurka. A shekarun nan ne aka fara nuna wasan a talabijin, samarin London suka haukace a kansa, kowace unguwa da ƙungiyarta. Ni ban taɓa zuwa kallo ba, in aka kunna kuma ba na tsayawa. Abin da na sani shi ne kayan da nake wankewa: riga mai lamba, wando mai katifa a cinya, da wata hular kwano mai ƙarafa a fuska da yake ajiyewa a kan kabad. Rabi ce ta yi mini bayani cewa Yayansu shi ne kwatabak, wato mai jifa. Awudu zai sunkuya ya miƙo masa ƙwallon, shi kuma ya duba ya cilla wa wanda ya dace. Ta ce duk dabarun wasan a kansa suke, shi ke kira sauran su bi. Wannan na yarda, don kullum ina jin sa a ɗaki yana maimaita waɗansu lambobi da launuka da Turanci, da ƙarfi, da wani irin kari kamar mai tilawa. Ban san ma'anarsu ba, amma na san tafiyarsu. Ni da na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, na san yadda hadda take in ta zauna.

Abin da Rabi ba ta gaya mini ba shi ne aikin waɗancan na ɗaya ɓangaren.

A farkon watan ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Umma, akwai wani Ba'amurke da yake watching ɗina. Yana ɗaukar 'yan wasa zuwa ƙasarsu, can albashi ake biya. Ya ce zai zo wasanmu na tsakiyar wata ya yi deciding."

Na ce wa tukunya, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Malam kuwa da ya ji, sai ya ce, "Wasan banza ne, amma in har za a biya mutum don ya yi jifa, ai ya fi wankin bas." Ya faɗa yana kallon hannuwansa da sabulu ya cinye. Daga ranar, shi da ba ya tambayar komai game da ƙwallo, ya fara cewa, "Abba, yaya hannun?"

Saura mako guda Ba'amurken ya zo suka yi wani wasa ranar Lahadi. Yayansu ya tafi da azuminsa, don bai taɓa sha saboda ƙwallo ba. Ya dawo da yamma ya ce sun ci, ya shiga ɗaki ya kwanta. Na ce gajiya ce.

Ranar Litinin da tsakar rana ina kan keke sai na ji famfo na zuba. Can na ji Rabi ta ƙwala ihu, "Yaya! Azumi!" Na waiga ta gefen ido, ga shi tsaye da kofi, ruwa na gangarowa a haɓarsa, yana kallon kofin kamar wani ne ya saka masa a hannu. Ihun ya tashi Malam daga barci. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya ya ce, "Allah ne ya shayar da kai. Kame bakinka, bayan Sallah ka rama." Duk muka yi dariya. Har na ba Hajiya Adiza labari muna murzar wake, ta ce ita ma ta taɓa cinye ayaba biyu kafin ta tuna.

Ranar Laraba ya sake. Wannan karon burodi ne, yana zaune a falo yana ci hankali kwance. Malam bai yi dariya ba.

"Mantuwa sau ɗaya ce," in ji shi. "Ta biyu rainin hankali ne. In ƙwallo ta fi maka azumi, ka fito fili ka faɗa mini. Kada ka mai da ni sakarai a cikin gidana."

"Wallahi, Baba, ban sani ba."

"Kada ka sa sunan Allah a ciki!"

Yaron ya ajiye burodin, ya riƙe kansa da hannu biyu. Malam ya ce wannan ma salo ne. Ni ina bayan ƙofa, ƙafata a kan keke, na ci gaba da ɗinkina. Uwa ba ta shigar wa ɗan fari a gaban ubansa.

Yanzu in na tuna makon nan sai in ga babu abin da bai nuna mana ba, kuma babu abin da azumi bai ba mu amsarsa ba. Yana ciwon kai: to wane ne ba ya ciwon kai a wannan zafi? Ya yi amai bayan shan ruwa: Hajiya Adiza ta ce ruwan firji ya ɗura wa cikin da babu komai. Ya rufe labule ya ce haske na damunsa, yana barci har la'asar, yana yi wa Rabi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba: mai azumi ai sai haƙuri. Sai kuma tambayar nan. Ya fito ya ce, "Yau azumi nawa?" A gaya masa. Ya zauna, ya ɗan jima, ya sake cewa, "Yau azumi nawa?" Rabi ta mai da abin wasa. Ranar Juma'a ina jin ta ta ce masa, "Ashirin da tara, gobe Sallah," alhali ko rabi ba a yi ba. Ya ce, "To." Bai yi dariya ba, bai yi musu ba. To kawai.

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a rai. Ga kuma tilawar tasa da ta fara yankewa. Zai ɗauko lambobin, ya zo wani wuri ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Bayan shan ruwa na ba Rabi maganin ciwon kai na ce ta kai masa, ta kuma duba mini shi da kyau. Ta dawo ta ce, "He's fine, Umma, barci yake ji." Na karɓi maganarta. Ɗakinsa da kicin bango ɗaya ne tsakaninsu, amma aike na yi.

Ranar Lahadi gari ya waye da wani irin cunkushewa, babu iska ko ta kaɗa zare. Ya saɓa jakarsa, ya ɗauki hular kwanon, ya tsaya a bayana ya daɗe. Na ce wa keken ɗinki, "A dawo lafiya. Allah ya ba da sa'a." Ya fita. Malam na barci, ya bar saƙon a tashe shi in an samu labari.

Bayan azahar Hajiya Adiza ta hawo da robar wake tana haki. Muna cikin murza ta ce, "Maman Rabi, yaronka nan ƙarfe ne fa. Awudu ya ce wancan Lahadi mutum biyu sun haɗu sun buga shi, kansa ya daki ƙasa, ya kwanta shiru kamar ya mutu. Sun sa masa wani abu a hanci, ya tashi, ya koma ya ci wasa. Ya ce kowa ya rufe baki kada Ba'amurke ya ji."

Na ce, "Buga shi? Ai shi jifa kawai yake yi."

Ta saki waken ta dube ni. "Kai ba ka taɓa kallo ba? Mai jifa ai shi kowa yake nema. Duk ƙattai na can, aikinsu ɗaya, su kai shi ƙasa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kofin nan, burodin nan, labulen nan, "to" ɗin nan, duk suka taso mini gaba ɗaya. A garinmu na taɓa ganin wani da ya faɗo daga kan rimi, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya yi kwanaki yana tambayar ina jakinsa, sannan wata safiya bai tashi ba. Hannuna da ɓawon wake a jiki na yafa mayafi. Na ce, "Hajiya, kin san filin?" Ta ce ta sani. Ban tashi Malam ba. Tun da aka kawo ni gidansa, ranar ce farkon da na fita ban tambaye shi ba.

Bas ɗin Lahadi sai wanda ya yi haƙuri. Muka tsaya a rana har kwalta ta fara kama mini takalmi. A cikin bas kujera na ƙuna, harshena ya manne da dasashi, ina so in yi addu'a bakina ya ƙi motsi. Ta taga na ga hadari yana haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, irin na gida. Muna sauka aka fara yayyafi, manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta tashi da ƙamshin da rabona da shi tun Gwarzo.

Filin wani makeken fili ne na unguwa, an zagaye shi da igiya, mutane tsaye suna ihu. Na kutsa har bakin igiyar. Abin da na gani, har yau ban sami bakin faɗarsa daidai ba. Samari ne kamar shanun huɗa, sun yi sahu biyu suna fuskantar juna, sun sunkuya. Aka yi wata kururuwa, sai suka gwabza. Ƙarar hulunan nan kamar ana fasa tukwane a kan dutse. Wannan su ake kira wasa? Waɗannan rigunan nake wankewa ina shanyawa ina ninkewa da hannuna? Na ce, "Innalillahi," na sake cewa, babu abin da ya zo bakina sai shi.

Hajiya Adiza ta nuna mini shi, ko da yake na riga na gane lambar rigar. Ta kuma nuna mini wani dogon Bature da hular hana-sallah, tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin lema. "Ga Ba'amurke nan."

Ruwa ya kece sosai. Yayansu ya zo bayan Awudu ya tsaya, ya fara kiran lambobinsa. Na ji muryar, na ji karin da na sani. Ya zo daidai wurin nan, ya tsaya. Filin ya yi tsit. Awudu ya leƙo shi ta ƙarƙashin hammata. Ya koma farko, ya sake tsayawa. Awudu ya gaji ya miƙo masa ƙwallon haka nan, shi kuwa ya riƙe ta a ƙirji yana dube-dube kamar baƙon da aka sauke a tashar da bai sani ba. Sai wani ya zo ta bayansa da gudu. Na ga kan ɗana ya yi baya, ya yi gaba, ya daki ƙasa.

Ya tashi. Mutane suka yi tafi. Ya nufi wajen 'yan ɗaya ƙungiyar, masu rigar da ba irin tasa ba, ya shiga cikinsu ya tsaya yana jiran a yi shawara. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Mai koyar da su ya rugo ya kamo shi, ya juya shi, ya kara masa wani abu a hanci, ya bubbuga masa hula, ya tura shi wajen nasa sahun.

Na ɗaga igiyar na shiga. Laka ta cire mini takalmi ɗaya, ban tsaya ba. Wani mai riga zane-zane yana busa mini usur yana ɗaga hannu. Na ce, "Kai!" Ruwa ya cinye muryata. Na ce, "Yayansu!" Wa ya san Yayansu a wurin nan? Yana tafiya, ya kusa kaiwa bayan Awudu, waɗancan ƙattan sun fara sunkuyawa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko akuya ban iya kora da tsawa ba. Ban san daga ina ta fito ba.

"Haruna!"

Ya tsaya kamar an ja shi da igiya. Ya juyo a hankali. Shekararsa ashirin a duniya, bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Na ƙarasa gabansa na ce, "Cire hular." Ya cire. Na kama fuskarsa da hannu biyu na jawo ta ƙasa, na dube shi, irin duban da rabona da yi masa tun yana shan nono, in babu kowa a ɗaki. Ashe har ya yi gashin baki sosai. Ashe yana da tabo a gira. Idonsa na dama daidai yake. Na hagu kuwa baƙin tsakiyar ya buɗe ya yi faɗi, ya kusa cinye sauran, ruwan sama na faɗa masa ko ƙiftawa ba ya yi.

Ya yi murmushi ya ce, "Umma, yau azumi nawa?"

Sai ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zauna a cikin laka, ya jingina da ni.

Hajiya Adiza ce ta yi Turancin, ta yi shi da ƙarfi har sai da aka kira motar asibiti. Awudu ya cire hularsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ba'amurken ya matso ya leƙa, ya girgiza kai, ya koma ƙarƙashin lemarsa. Kafin a ɗaga ɗana daga ƙasa an riga an sa wani yaro a gurbinsa, ina jin usur a bayana an ci gaba.

A asibiti suka ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansa tun bugun farko, yana tsattsafowa a hankali, na biyun ya ƙarasa buɗe shi. A ranar suka shiga da shi tiyata. Likitan ya ce da ya sake shan bugu ɗaya, da ba wannan maganar muke ba. Sannan ya tambaya, ta bakin Hajiya Adiza, ko a cikin makon babu wanda ya lura da wani canji. Malam, wanda ya iso da rigar barci a ƙarƙashin kwat, ya nemi wuri ya zauna. Magariba ta same mu a kan benci. Wata nas baƙar fata ta kawo mana shayi da biskit, muka sha ruwa da su, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Da ya farfaɗo aka ce ana iya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Tsakar rana ce, azumi da sauransa. Na miƙa hannu zan ɗauki kofin, Malam ya riga ni. Ya tallafo kan yaron da ya sha bandeji, ya kafa masa kofin a baki da hannun nan nasa da sabulu ya cinye, yana cewa, "Sha, Abba. Sha. Ni ne na ce ka sha." Hawaye na zuba a gemunsa.

Ƙwallo ta ƙare daga nan. Likitoci sun ce ko da wasa kada ya sake. Yaron da aka sa a gurbinsa ne Ba'amurken ya ɗauka, mun ji ya je ya yi ɗan lokaci ana biyansa. Yayansu bai gode mini ba, kuma ban sa rai ba. Ya yi kusan shekara ba ya shiga kicin. Wata rana na ji yana ce wa Rabi, "Da ta bar ni na gama wasan nan kawai." Bayan 'yan shekaru, da aka kafa ƙungiyar masu albashi a nan London ɗin kanta ana nuna su a talabijin, in an fara sai ya tashi ya fita, ya yi ta yawo a unguwa har a gama. Malam ya ci gaba da wankin bas har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake cewa yaya hannun ba, har Allah ya karɓi abinsa. Hular kwanon kuwa Hajiya Adiza ce ta ɗauke, ta shuka barkono a ciki a barandarta.

Yanzu abubuwa sun yi sauƙi. Gero da tsamiya suna nan a kantin ƙasan benenmu, waya na kiran salla da kanta, akwai fanka a kowane ɗaki. Jikokina suna kiran kowa da sunansa, iyayensu ma haka, ban hana ba. Ni dai na koma yadda nake. Tun ranar nan ban sake faɗar sunan ba, sai yau da na rubuta shi. Wani lokaci yakan tsokane ni ya ce, "Umma, sau ɗaya dai, in ji ko har yanzu kin iya." Sai in ce wa tukunya, "A gaya wa wancan kira ɗaya gare ni, na riga na kashe shi."

Yana koyar da motsa jiki a wata makaranta a Stratford, kansa ya yi furfura, tabon tiyatar ya ɓuya a ciki. Jiya ma ya zo shan ruwa, ana saura kaɗan rana ta faɗi. Ya yi sallama, ya ajiye ledar dabino, ya zo har bakin taga inda nake. Ban san ranar da muka fara wannan ba, babu wanda ya taɓa yin maganarsa a cikinmu. Ya cire tabaransa, ya durƙusa, ya ɗago fuskarsa wajen haske. Na kama ta da hannu biyu na duba na dama, na duba na hagu.

Daidai suke. Na sake shi, na ce wa taga, "A je a wanke hannu."